Sa Hannun Da Ya Cinye Mini Gida

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ko da Allah ya ja kwanana har haƙora suka zube na fara rikita sunayen jikokina. Ranar ce na shiga banki da babbar riga da tabarau da bik na rubutu a aljihu zan sayi gida, na fito ba gidan ba mutuncin. Kuma ba ɓarawo ne ya tare ni ba, ba ɗan damfara ba. Da hakan ne, da na samu wanda zan riƙa zagi in ji sanyi. Ni na yi wa kaina, da hannuna na dama.

Ni Bagobiri ne, mutumin wajen Tibiri, shekara ashirin da shida ina Yamai. Tsofaffin tayoyi nake sayarwa a unguwar Kale. Lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu na yi, tsohona ya cire ni saboda gona. Abin da na fito da shi lamba ce. Lamba kam na san ta, ka nuna mini taya daga tsallaken titi in gaya maka lambarta. Amma haruffa, in suka wuce uku suka haɗa kai, tururuwa nake gani. (Wannan ma da kuke karantawa ba ni ke rubutawa ba. Faɗa nake ana rubutawa. Za ku ji ko wane ne.)

Wannan ba abin kunya ba ne, rabin kasuwarmu haka muke. Abin kunyar ƙaryar da na ɗora a kai ce. Lokacin da na je neman auren Barira a Maradi, mahaifinta ma'aikacin asibiti ne, irin waɗanda muke ce wa Majo. Gidan ƴan boko ne, har yaran da ba su iya wanke hanci ba Faransanci suke yi. Ina durƙushe gabansa ya ce, "Yaro, ina ka tsaya a lakwal?" Ban san lokacin da bakina ya ce, "Na samu sartifika, Baba," ba. Ya dube ni ya gyaɗa kai, ya ce madalla. Shi ke nan, daga ranar na zama mai sartifika. Ƙarya kuwa kamar akuya ce, in ka saye ta sai ka ciyar da ita kullum. Na sayi bik na soke a aljihu. Daga baya na sayi tabarau. In takarda ta zo gida sai in riƙe ta in ɗaure fuska, in ce wa wani cikin yara, "Karanta in ji ko kuɗin da nake biya a lakwal ba asara ba ce." Shekara ashirin da biyu ina wannan aikin, kuma ina ganin kaina gwani.

Shekara goma sha uku kafin wannan Alhamis ɗin aka fasa shagon maƙwabcina, aka kwashe kuɗin da yake ɓoyewa cikin wata tsohuwar tayar tarakta. Na tsorata, na je na buɗe kwant a banki. Wadda ta karɓe ni wata yarinya ce mai fara'a. Da ta ga zanen fuskata ta juya harshe zuwa Hausa, muka gaisa, ashe ƴar Maradi ce. Tambaya ta kai tambaya har ta ce, "Lah, ai na san gidan Majo, ƴarsa Barira ajinsu ɗaya da yayata." Ta cika takardu, ta miƙo mini wani ɗan kati, ta turo bik da hannu ɗaya, ta turo ɗan akwatin tawada da ɗayan.

"Alhaji, sinyatir za ka yi ko yatsa za ka dangwala?"

(Ban je Makka ba. A Yamai in dai rigarka ta sha guga Alhaji ne kai.)

Yarinyar da ta san gidan surukaina. Na ture akwatin tawadar nan kamar an miƙo mini mushen ɓera, na zare nawa bik ɗin. Ban taɓa yin sinyatir ba a duniya, amma na ga manya na yi a gabana in sun zo sayen taya. Na fara daga hagu kamar tafiyar maciji, na hau sama, na yi lauje, na zagayo na yi ƙulli ban san ko nawa ba, na ja layi a ƙasa, na ƙara wani, na ɗiga ɗigo nan da can. Sai da katin ya cika. Yarinyar ta ɗaga ta duba ta ce, "Kai, Alhaji, ko minista sai haka." Na fito ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta. Ban sake ganin zanen nan da idona ba, ban kuma taɓa tunanin za a sake tambayata shi ba.

Ga abin da ban sani ba. In kuɗi ka kai musu, ba wanda ya damu da hannunka. Ko kaza ka ɗora ta taka takardar, karɓa za su yi su ce mersi. Ni kuwa kaiwa kawai nake yi. Na yi wa kaina alkawari ko dala ba zan taɓa ba sai ranar sayen gida, kuma na cika. Har jinyar tsohuwata sai da na sayar da babur, ban taɓa kwant ɗin nan ba. Shi ya sa shekara goma sha uku ba wanda ya taɓa ce mini in maimaita zanen.

Gidan haya muke a Talaje, ɗaki biyu, mu bakwai da yara. Iyali huɗu tsakar gida ɗaya, pampo ɗaya, bayi ɗaya. Da safe layi ake yi da buta kamar wurin zaɓe. Barira ba mai yawan roƙo ba ce, shekarun nan duka abu guda na ji tana maimaitawa: "Ni dai Allah ya nuna mini ƙofar da in na rufe ba mai ce mini buɗe."

Sai Allah ya kawo gidan Baba Hamani, layi uku daga namu. Tsoho ne Bazabarme, ya yi aikin gwamnati ya ajiye. Ɗaki huɗu na siminti, tsakar gida mai faɗi, ruwa da wuta, takardu cif. Ba don daɗi zai sayar ba. Matarsa ce ciwon ƙoda ya kwantar, likitoci suka ce sai an fita da ita waje, an sa musu ranar Litinin, kuma can ɗin sun ce sai sun ga kuɗi kafin su ba ta gado. In sun dawo, gidan ɗansu za su zauna a unguwar Dar Salam. Muka daidaita a sefa miliyan goma sha shida, kusan duk abin da na tara ke nan. Akwai wani Ba'adare mai fataucin albasa da ya ƙara miliyan guda a kan nawa, tsohon ya ƙi. Barira ta sha kai wa matarsa kunu tana zama da ita, wannan ya riƙe. Ga kuma wasan da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa.

"Gara in sayar wa bawana," in ji shi. "Abin bawa ai na ubangijinsa ne. Ran da na ga dama in zo in kore ka."

Na ce, "Tsoho, ka dai karɓi kuɗin ubangidanka da hannu biyu."

Muka je wurin noter, mai shaida cinikin gidaje a hukumance. Ni a nawa tunanin in ciro kuɗina a jaka, a baje bisa tabarma gaban shaidu, a shafa fatiha, yadda na ga iyayenmu na yi. Noter ya ce shi ba ya taɓa tsabar kuɗi masu yawa haka. Birman za a yi, wato bankina ya tura kuɗin kai tsaye zuwa kwant ɗin biro ɗinsa, wato ofishinsa, in kawo masa takardar shaida, a gama ciniki, shi ya ba tsoho kuɗinsa. Ya rubuta lambobi a takarda ya ba ni. Na riƙe, na gyara tabarau, na ce, "Dakor," wato na yarda. Ranar Laraba ke nan.

Kafin in dawo gida Barira ta riga ta gaya wa mai gidan hayarmu ƙarshen wata za mu tashi. Ta aika an samo kwalaye, ta fara naɗe kwanoninta cikin tsofaffin zannuwa. Har labule ta je ta auno.

Alhamis da safe ina ɗaura agogo ta ce, "Maigida, na kira Isufu, zai raka ka."

Isufu ƙaninta ne, mushe ne, wato malamin boko, yana koyarwa a wata lakwal nan Yamai. Tun yana ɗan ƙanƙane muke tsokanar juna, irin wasan miji da ƙanin mata. (Shi ne mai rubuta wannan. In kun ga an ƙara gishiri a wani wuri, ba bakina ba ne.)

Na ce, "Rakiyar mi? Yaro ne ni?"

Ta ce, "Takardun banki yawa gare su. Ido huɗu ya fi biyu."

Na ce, "Ai da tabarau nawa ma huɗu ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Don Allah dai ka tafi da shi."

Na yarda, amma ba don ta roƙa ba. So nake ɗan gidan Majo ya ga ranar da mai tayar nan zai tura miliyan goma sha shida da bik ɗaya. Na ma biya na ɗauki Baba Hamani, wai ciniki ba ya kyau ba gaban mai kaya ba. Ni da kaina na tara wa kaina ƴan kallo, har na biya musu taksi.

Muka ɗauki lamba muka zauna cikin sanyi. Da aka kira mu, wata Madam ce a gishe, tagar da ake sallamar mutane, ba ƴar Maradin nan ba, an ce ta daɗe da barin aiki. Na miƙa takardar noter da katina na ɗan ƙasa. Ta buga ordinatar, wato kwamfuta, ta fitar da takarda, ta karanta mini adadi da sunan wanda za a tura wa, na ce haka ne. Ta sa yatsa a ƙasan takardar ta ce, "Sa hannu nan."

Na zare bik. Na yi wani ɗan zane irin wanda na saba yi in na kawo kuɗi, na tura mata. Ta dubi takardar, ta dubi gilashin ordinatar, ta sake duban takardar.

"Alhaji, ba ita ba ce."

"Wace ce ba ita ba?"

"Sinyatir ɗin. Ba irin wadda ke wurinmu ba ce. Yi irin ta ranar da ka buɗe kwant."

Na ce, "To, to, waccan babbar kuke so." Ta fitar da sabuwar takarda. Na tuna akwai maciji, na yi maciji. Na tuna akwai ƙulli, na yi biyu. Ta girgiza kai. Takarda ta uku na yi ƙulli huɗu na ƙara lauje. Ta ce, "Wannan ma ta fi nisa." Na ce ta ɗan juyo mini gilashin in gani, ido ne ya manta. Ta ce doka ta hana, in an nuna wa mutum ai ko ɓarawo sai ya kwaikwaya.

Isufu daga bayana ya ce, "Yaya, ko dai kuɗin wani muka zo ɗauka? Ka gaya mini da wuri in san ta inda zan gudu."

Baba Hamani ya ce, "Bagobiri ya manta hannunsa a gida."

Mutanen da ke layi suka yi dariya, ni ma na yi, irin wadda haƙora kawai ke yi. Bayan takarda ta biyar Madam ta tattara su duka ta ce mu biyo ta wurin shef, wato shugabansu.

Shef ɗin mutum ne kamili, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ba mu kujeru, ya jera zane-zanena biyar bisa tebur, ba guda biyu da suka yi kama da juna. Ya dubi ordinatar. Sai ya ɗauki katina na ɗan ƙasa ya juya shi. A katin nan, wurin sa hannu, babban yatsana ne zaune baƙi ƙirin, don ranar da na yi shi a komisariya ba wanda ya san ni, ɗan sanda kuma bai tambaye ni ba, kama yatsan kawai ya yi ya danna. Shef ya dubi yatsan, ya dubi bik ɗin aljihuna, ya gane komai. Ya sassauta murya, ya bar Faransanci ya koma Hausa.

"Alhaji, ba wani abu ba ne. Na yarda kai ne mai kuɗin nan, ga hotonka ga fuskarka. Akwai hanya mai sauƙi. Muna da takarda ta waɗanda ba su sa hannu. Za a rubuta cewa ba ka karatu ba ka rubutu, mutum biyu da suka san ka, masu kati, su sa hannu su shaida, kai kuma ka dangwala yatsa. Ga shi Allah ya sa ka zo da mutum biyu. Kafin azahar kuɗinka sun tafi."

Ku ji fa. Kafin azahar. Mutumin nan ya ɗauko gidan ya ɗora mini a tafin hannu. Abin da ya rage in miƙa yatsa.

Amma ni ba gidan na ji ba. Abin da na ji shi ne Isufu, ɗan Majo, zai ɗauki bik ya sa hannu a takardar da ta ce mijin yayarsa jahili ne. Na ga labarin ya hau mota ya tafi Maradi. Na ga ana ba da shi a wurin biki.

Na buga tebur. Na ce, "Ni za ka ce wa ban iya karatu ba? Ni da sartifika? Injinku ne ya lalace, ko kuma wani ya taɓa mini takardu!"

Isufu ya taɓa mini gwiwa ya ce a hankali, "Yaya." Na make hannunsa.

Shef bai yi fushi ba. Ya ce, "Ka yi haƙuri, ban nufi cin fuska ba. To akwai hanya ta biyu, sai dai doguwa ce. Ka nemi a sake maka sinyatir, mu aika dosiye, wato takardunka, babban biro, kwana bakwai zuwa goma."

Baba Hamani ya gyara zama, ya ce, "Kwana goma?"

Na ji shi sarai. Na ce, "A yi hakan."

"To," in ji shef. Ya jawo farar takarda ya ajiye gabana. "Sai ka rubuta demand, takardar neman, da hannunka, nan gabana. Layi uku ya isa. Ni wane, ina neman a sake mini sinyatir. Shi ke nan."

Ban taɓa ganin abu mai faɗi kamar takardar nan ba. Ta fi gonar tsohona. Na cire murfin bik, na gyara tabarau, na gyara hannun riga. Can sama a kusurwa na rubuta kwanan wata, don lamba ce, na yi ta da kyau. Sai na sauko da bik ɗin tsakiyar takarda na tsaya. Na'urar sanyi na busawa, ni kuwa gumi na bin bayana har cikin wando. Ina jin agogon bango. Na ce bik ɗin ba ya ci. Shef ya miƙo nasa. Na karɓa na sake tsayawa. Ɗigon gumi ya faɗo daga hancina ya sauka kan takardar, shi ne kawai abin da na ƙara.

Isufu ya matso, wannan karon ba tsokana a muryarsa. Ya ce, "Yaya, bari in riƙa faɗa maka harafi ɗaya-ɗaya."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na miƙe, kujera ta faɗi baya. Na ce bankin nan ba su san darajar mutane ba, zan kwashe kuɗina in kai inda ake da ladabi. (Da wane hannun zan kwashe su, ban tsaya na tambayi kaina ba.) Na fita fuu, babbar riga na jan iska, na isa ƙofar gilashi na tura, ta ƙi. Na sake turawa da kafaɗa. Sai da mai gadi ya taso ya danna wani maɓalli ya ce, "Sannu Alhaji, a hankali." Duk layin nan ido a kaina.

A waje Baba Hamani ya same ni. Ya bar wasa. Ya ce, "Ɗana, koma ka dangwala. Ni na yi aiki da takarda shekara talatin, ba ta hana matata ciwo ba. Ba abin da ke cikinta."

Na ce ba zan koma wurin da aka wulaƙanta ni ba.

Ya ce, "Gobe Juma'a, rabin yini ake aiki. In noter bai ga takardar birman ba kafin a tashi, zan kira mai albasa. Ba don na ƙi ka ba."

Isufu ya ce, "Yaya, gobe ba ni da aji sai ƙarfe goma sha ɗaya, kuma ko ina aji ka kira ni zan fito." Ban ko dube shi ba.

Kun ga an ba ni dama ta biyu. Mai hankali da ya koma ciki a lokacin. Ni shago na wuce, na yini ina zane a bayan kwali ko Allah zai sa hannuna ya tuna. Da yamma na ce wa Barira injin banki ne ya samu matsala, sai gobe. Ta dube ni, ta ce Allah ya kai mu, ta ci gaba da naɗe kofuna.

Juma'a da safe na tashi da dabara. Na haƙura zan dangwala, amma ba gaban Isufu ba, ba gaban kowa da ya san hanyar gidana ba. Na ɗauki mai shayin bakin layinmu na kasuwa da wani mai faci, na yi musu alkawarin na goro, muka hau taksi. Muka yi layi fiye da awa guda. Da muka shiga wurin shef ya ce su kawo kati. Mai shayi ya ce nasa ya ɓata tun bara. Na mai faci kuwa ya mutu shekara biyu, kuma da aka tambaye shi ko ya iya sa hannu ya ce shi ma yatsa yake yi. Shef ya dafe kai. Ya ce, "Alhaji, mai shaida sai wanda zai iya karanta abin da yake shaidawa. Ina mutanen jiya?"

Na dubi agogo, sha ɗaya saura kwata. Da sauran lokaci. Lakwal ɗin Isufu ba ta fi minti goma a babur ba, Baba Hamani kuma na san yana zaune gida yana jiran waya. Na fito bakin banki na ciro salula. Lambar Isufu na haddace ta. Na danna ta har ƙarshe, na tsaya ina kallonta, na goge. Na ce bari dai in gwada wani abokin cinikina a Kale mai boko, shi bai san iyalina ba. Na same shi, ya ce sai ya sallami wani mai mota. Na tsaya ina jiransa. Ya gama, muka nemi na biyu, muka shiga cunkoson masu tafiya masallaci. Muna isowa mai gadi na jawo ƙarfen ƙofa.

Bayan an sauko Juma'a na je gidan Baba Hamani. Na same shi a zaure, akwatunan tafiya jere a gefe, daga ciki ina jin nishin matarsa. Ban ma zauna ba ya ce, "Na kira mai albasa. Kuɗinsa tun makon jiya suke shirye, noter zai buɗe mana gobe da safe." Na fara rantse-rantse, Litinin da sassafe, wallahi tallahi. Ya ɗaga hannu. "Litinin muna cikin jirgi. Matata ba za ta jira hannunka ya tuna ba. Kala suuru, Bagobiri." Wato sai haƙuri. Ko bawana bai ce mini ba, nan na san an gama.

Na iske Barira zaune kan kwali a tsakiyar ɗaki, an kwance gado, an sauke labule. Na fara, "Injin nan nasu..."

Ta ce, "Maigida, bari. Isufu bai gaya mini komai ba, na tambaye shi ya ƙi. Amma na sani. Sa hannu ne ko?"

Na zauna kan kwalin da ke gefenta.

"Don mi kake tsammani na ce ya raka ka?"

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun kafin a ɗaura. Baba ya sa aka bincika a garinku, kamar yadda ake yi wa kowa. Ya kira ni ya ce, yaron nan bai yi lakwal ba, ya kuma yi mini ƙarya don kunya, amma an ce ba ya cin haƙƙin mutane, ba ya zaman banza. In kina so ki aura. Ya ce kada wanda ya kuskura ya tona maka."

"Isufu ma?"

"Har yaranka. Kai kana ganin don Allah suke ɗaga murya in suna karanta takarda, suna maimaita wurin da ke da muhimmanci?"

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta tashi ta buɗe kwalin farko, ta fara ciro kwanoni tana mayar da su inda ta ɗauko su. Na ce bari in taya ta. Ta ce, "A'a, ka je wurin mai gida ka roƙe shi kada ya ba wani ɗakunan." Na je. Ya yarda, ya ƙara jika biyar, sefa dubu biyar ke nan, a wata.

Ranar Litinin na koma banki da Isufu da wani abokin aikinsa. Na dangwala. Ko shayi ba a gama sha a lokacin da abin ya ɗauka. Isufu ya sa hannunsa, sai da muka fito ya ce, "Yaya, yatsan nan naka ya fi duk zanen nan biyar kyau." Kuɗina suna nan yanzu, ina iya tura su duk inda na so. Sai dai shekara biyu ke nan ina yawo, ban sake samun gida irin wannan a wannan kuɗin ba. Abin da ake nuna mini fili ne can bayan gari, inda ba ruwa ba wuta. Muna nan ɗaki biyu. Barira ta daina maganar ƙofa, kuma shirun nan ya fi mini maganar ciwo.

Kwanan baya mai albasar ya zo shagona sayen tayoyin kamiyo, babbar motar kaya, bai san ni ba. Muna ciniki na bi ta bayan gida na tambaye shi yadda ya yi da takardun noter da na banki ranar da ya sayi gidansa na Talaje. Ya yi dariya ya ɗaga babban yatsansa, mai kauri kamar rogo.

"Ga sakatarena nan. Ni ko bihim ban sani ba. Na ce musu ku karanta mini da Hausa, in na ji daidai ne ku kawo tawada."

Na rage masa jika biyu a kan kowace taya, ban san dalili ba.

To ga abin da na koya, in ma koyo ne. Rashin karatu bai hana kowa gida ba, ga wanda ya fi ni rashinsa yana kwance a ɗaki huɗu. Ni na tsaya gadin asirin da duk gidanmu suka riga ni sani, har suna taya ni gadinsa don tausayi. In kana da abin da kake ɓoyewa, kafin ka biya masa miliyan goma sha shida, ka fara tambayar matarka ko ya ɓoyu.